Ɗigo Uku a Gindin Kwalba

Shekara talatin da huɗu Doña Herminia ta yi a bayan kantar shagon giya mafi girma na San Rafael, kuma ta sha rantsuwa cewa a duk tsawon shekarun nan ba ta sayar wa mutum ɗari giyar da za su sha da bakinsu ba. Mashaya na gaskiya ba sa zuwa shago irin nasu. Su suna can wajen masu ƙatuwar kwalbar lita biyar, su zuba rabin kofi, su cika da ruwan soda, su sha abinsu ba su dami kowa ba. Masu zuwa wurinta masu kyauta ne: mai neman kwalbar da zai kai wa likitan da ya yi wa matarsa aiki, da mai son a tuna da shi a ofishin haraji, da saurayin da zai je gaban uban budurwa karon farko yana gumi kamar an tsamo shi a rijiya.

Tambayarsu ɗaya ce, ko sun zo da kwat ko da takalmin gona. Babu mai cewa yaya ɗanɗanonta, ko da wane abinci take tafiya. Sai dai mutum ya sunkuyo, ya rage murya, ya ce shin in an gani za a gane tana da tsada? Daga nan ya ɗaga kwalbar yana jin nauyinta kamar mai sayen kabewa, ya cusa babban yatsa a ramin da ke gindinta, don wani sakarai ya taɓa gaya masa cewa zurfin ramin shi ne kyan giyar. Herminia ba ta taɓa gyara wa kowa ba. Ta ɗauko masa mai zurfin rami, ta naɗe, ta ɗaure, ta karɓi kuɗi, ta bi ƙeyarsa da harara.

Abin da ya fi ba ta dariya shi ne inda kwalaben suke ƙarewa. Ba wanda ke shiga gashin naman Lahadi hannu rabbana, kowa da kwalbarsa a hammata. Maigida ya karɓa, ya ɗaga ta sama, ya zaro ido, ya ce ai wannan ta fi ƙarfin yau, bari a ajiye ta sai wata babbar rana. Sai ya shige da ita ciki, ya fito da tasa mai araha. Babbar ranar kuwa ita ce Lahadi mai zuwa, lokacin da shi ma aka gayyace shi wani gida. Don ta tabbatar wa kanta, Herminia ta fara ɗiga jan farce ɗaya a cikin ramin kowace kwalba mai tsada da ta sayar. Ba a rufa shekara ba suka fara dawo mata, a hannun mutanen da ba ta taɓa gani ba, wai a sake musu takarda don waccan ta yamutse a mota. Akwai wadda ta dawo sau huɗu. Ta je Kirsimeti biyu, ta je suna, ta je murnar fitowar wani daga asibiti, ta san unguwannin garin fiye da direban bas, kuma har yau ba wanda ya ji ƙamshinta.

To, wanzami dai ba ya son jarfa, amma Herminia ba ta taɓa kawo wa ranta cewa za a zo kanta ba.

A watan da ta bar aiki ɗanta tilo, Lisandro, ya taso da maganar gida. Shi yana Buenos Aires, babba ne a wani kamfanin inshora, ya auri Delfina, 'yar gidan da ake cin abinci da cokula uku. Ya ce ta sayar da gidan ta dawo wurinsu. Har ya samo mai saye, wani da ke son mayar da gidan masaukin 'yan yawon buɗe ido saboda rumfar inabin da ke tsakar gida. Takardar cinikin ta yi mako uku a cikin durowa tana jiran sa hannunta, kuma ta yi alkawarin ba da amsa ranar Lahadin da za ta cika shekara saba'in.

Gaskiyar magana, ranta ya riga ya karkata. Gwiwa ta fara ƙi, gidan ya yi mata faɗi tun rasuwar mijinta Fermín, jikokinta biyu kuma a waya kawai ta san su. Har ta naɗe rabin kwanukanta da jarida ta jera a kwali. Ƙanenta Chebo ne kaɗai ya ƙi maganar. Shi tsohon makanike ne, bakinsa ba shi da birki, ya ce mata ya ga gidan su Lisandro a hoto, ɗaki ɗaya ne ya rage, wanda ke jikin injin wanki, kuma mai renon yaransu ta gudu a watan jiya, ita ta haɗa lissafin da kanta.

Duk lokacin da ya faɗi haka, amsarta ɗaya ce, ita ce labarin kwalbar. Fermín ya yi shekara talatin yana kula da gangunan katako a wata ƙaramar masana'antar giya da ake kira La Higuera, wato itacen ɓaure, wadda ta rufe ba da daɗewa ba bayan mutuwarsa. Mai masana'antar ya kawo mata kwalba shida daga ganga ta ƙarshe da hannun Fermín ya cika. Biyar ta sha su ita da Chebo, ɗaya a kowace ranar zagayowar rasuwarsa. Ta shidan ta ɗiga mata jan farce uku a gindi, na uba da na uwa da na ɗa, ta ba Lisandro ranar aurensa, shekara takwas ke nan. Da auren ya cika shekara ya kira ta a waya yana kuka, ya ce sun buɗe ta shi da Delfina, ya ce ƙamshinta ƙamshin rigar Baba ne in ya dawo daga aiki. Babu wanda bai ji wannan labari ba a titinsu, har mai kawo wasiƙa. Ta kan ce ɗan da ya yi kuka a kan giyar ubansa ba zai ajiye uwarsa kusa da injin wanki ba.

Chebo ya kan ce to, Allah ya sa, ya ci gaba da tsotsar mate, shayin ganyen nan nasu mai ɗaci.

Ranar Lahadin tun hantsi Chebo ya haɗa wuta da busassun rassan inabi, ya jera haƙarƙari da hanji a kan wayar gashi. Herminia ta shimfiɗa farin ƙyalle a dogon tebur ƙarƙashin rumfa, ta ajiye takardar gidan da alƙalami a gefen kwandon burodi, don tana son ta sa hannu a gaban ɗanta ya ji daɗi. Sai wajen ƙarfe ɗaya motar haya ta tsaya. Ba su zo da yaran ba, wai tafiyar ta yi musu nisa. Delfina ta sumbaci iskar da ke kusa da kuncinta, ta yaba rumfar, ta tambaya ko akwai inda waya ke kamawa da kyau.

Lisandro ya rungume ta, ya ce tsohuwa ta ƙara yarinta, sannan ya miƙo mata kyautarsa da hannu biyu. Ya ce shago uku ya shiga a unguwar Palermo kafin ya samu, kuma wani ƙwararre da ya yi karatu a Faransa ne ya zaɓa masa ita musamman.

Kafin ta taɓa ta gane babu shagon da ya naɗe wannan. Kusurwoyin sun cukuikuye, salatif ya yi yawa, aikin wanda ya naɗe a kan gado yana duba agogo ne. Da ta cire takardar sai ga kwalin, shi kuwa ya ba da labarinsa duka. A jikinsa akwai tabon salatif iri huɗu, mai faɗi da siriri, da wanda ya tsufa ya koma rawaya, da wani da ya ɗebe fatar kwalin ya bar fari. Hannu huɗu aƙalla, kuma bakin kwalin a manne yake da tsohon gam, ba a buɗe shi ba da daɗewa. Abin ya sosa mata rai, ba ƙarya. Amma ta haɗiye, ta ce a ranta kowa ma haka yake yi, yaro ne mai aiki da yawa, ba a kansa aka fara ba. Ta sa wuƙar burodi ta tsaga bakin, ta zaro kwalbar.

Takardar jikinta ta koɗe, amma hoton ɓauren yana nan, da sunan La Higuera, da shekarar da Fermín ya rasu.

Chebo ya tsaya da cokalin juya nama a sama. Herminia ta ɗago ta dubi ɗanta, ta ga yana ƙifta ido da sauri, yana kallon kwalbar kamar ba shi ya kawo ta ba. Bai fi daƙiƙa biyu a haka ba. Ai ba banza ya zama babba a kamfanin inshora ba. Nan take ya dafe ƙirji, ya yi murmushi.

"Kin gani ko, Mama? Wata uku ina neman ta. Na ce ko nawa ce sai na samo miki irin ta Baba."

Kuma ta yarda. Wannan ne abin da daga baya ya fi ci mata rai, cewa ita Herminia, wadda ta yi shekara talatin da huɗu tana dariyar mutane, ta yarda har idonta ya ciko. Ta ce a ranta ganga ɗaya ai kwalba ɗari uku ce, wata tana iya saura a wani lungu, tabon salatif kuma na tsofaffin masu ita ne. Ta juya za ta ce wa Chebo ka gani ko, sai babban yatsanta ya shige ramin gindin kwalbar da kansa, yadda ya saba. Ya taɓa tudu ɗaya ƙarami, ya taɓa na biyu, ya taɓa na uku. Ta karkata kwalbar kaɗan kamar mai duba laka. Suna nan a jere, ja mai duhu, kalar da ta daina shafawa tun da farcenta ya fara tsagewa.

Ta ajiye kwalbar a tsakiyar tebur, ta ce wa Chebo ya miƙo mata mabuɗi.

Lisandro ya yi wuf ya ce haba Mama, ai wannan ta fi ƙarfin yau, a ajiye ta sai wata babbar rana. Delfina ta goyi bayansa, ta ce irin wannan ba a sha da hanji. Herminia ta ce shekara saba'in ta yi tana jiran babbar rana, in yau ba ita ba ce to ba ta san wacce ba.

Marfin, toshiyar nan ta ɓawon itace, ya ba ta sauran labarin. Ya bushe ƙayau, ya marmashe a kan mabuɗin, sai da ta tura rabinsa ciki. Kwalbar da aka kwantar a wuri mai sanyi marfinta ba ya haka. Wannan a tsaye ta yi shekarunta, a saman firji, a bayan kabad, a but ɗin mota cikin zafin Janairu, watan da rana ta fi ƙuna a ƙasarsu, a gidajen mutanen da ba su san Fermín ba kuma ba su damu su sani ba. Da ta tsiyaya, giyar ba ja ba ce, kalar ruwan tsatsa ce, warinta kuma ya riga kofi isa hanci. Ta cika wa Lisandro kofi har baki, ta zuba wa Delfina rabi, ta zuba wa Chebo, ta ɗan ɗiga wa kanta.

Sai ga ɗan nata ya kama ƙafar kofi da yatsu uku, yana juya shi a hankali, yana ɗaga shi ga hasken rana, yana cusa hanci, duk abin da ake koya wa manyan ma'aikata a liyafar kamfani. Ya kurɓa. Ta ga maƙogwaronsa ya yi gardama kafin ya wuce da ita. Ya lumshe ido, ya girgiza kai.

"Ita ce, Mama. Daidai da waccan. Kamar Baba ya shigo yanzu."

Delfina ta taɓa leɓenta da kofin, ta ce tana jin busasshen ɓaure da tsohuwar fata, kuma giya irin wannan sai wanda ya sani. Chebo ya kurɓi tasa, ya juya ya feshe ta a kan garwashi, wuta ta yi cuu. Ya ce shi jahili ne bai sani ba, amma da irin wannan yake wanke kabureta.

Herminia ta ɗanɗana tata. Ta koma ruwan khal, tsami zalla, babu ko gardama. Ta san yadda 'yan uwanta biyar suke, ta san yadda suke cika baki su daɗe ba su tafi ba, ta san Fermín ya kan taso da asuba a lokacin sanyi ya je ya sa kunne a jikin gangar nan. Yanzu ga abin da ya rage na aikinsa a duniya, an kashe shi a saman firjin baƙi. Baƙin ciki ya taso mata, irin wanda ba ta ji ba tun ranar jana'iza, sai kuma raini ya biyo baya ya danne shi, kuma rainin ya fi sauƙin ɗauka.

Ta ce tunda Lisandro ya ji daɗinta haka, ai bai kamata a bar ta ta huce ba. Ta jira ya shanye, ta sake cika masa. Ya ce ya ƙoshi, ta ce giyar ubansa ce. Ya sha na biyu yana zufa, Delfina tana kallon wayarta, Chebo yana yanka haƙarƙari yana waƙa ƙasa-ƙasa. Sai da ya ga gindin kofi na uku, kwalba ta zama wayam, sannan Herminia ta kifa ta, ta kama babban yatsansa kamar lokacin da take koya masa riƙe fensir, ta sa shi a cikin ramin.

"Ƙirga."

Ya ƙirga. Fuskarsa ta yi fari, sannan ta yi ja.

"Wa ka fara ba?"

Ya buɗe baki zai sake gwada wata ƙaryar, ya dubi idonta, ya fasa. Da murya ƙasa ya ce manajansa ne, wata ɗaya bayan biki, lokacin ana maganar ƙarin girma, kuma babu komai a gidan da ya kai a kai wa mutum irinsa. Ya ce bai san yadda aka yi ta dawo ba, wani dillali ne ya kawo kwalin a Kirsimetin bara, suka sa a kabad ɗin kyaututtuka da sauran. Delfina ta ce ita dai wanda ke gaba ta ɗauko, ba ta san komai ba, kuma gaskiya ta faɗa.

"Ka samu ƙarin girman?"

"Na samu, Mama."

"To madalla. Ubanka ya yi maka aiki har bayan ransa."

Ya fara cewa ya yi niyyar gaya mata, ya ga ba zai iya ba, kukan da ya yi a waya kuma na gaske ne. Ta ce ta yarda na gaske ne, ai ta ga yanzu ma ya kusa yi. Ya ce wannan ba shi da alaƙa da maganar gida, kada ta haɗa. Ta ce ba ta haɗa komai ba, tambaya ɗaya kawai gare ta, kabad ɗin kyaututtukan nan a wane ɗaki yake. Delfina ce, da ba ta gane inda aka dosa ba, ta ce a ɗan ɗakin baya ne, na jikin injin wanki, amma za a kwashe kafin Doña Herminia ta iso. Chebo ya ƙware da dariya har sai da ya dafa bango.

Herminia ta ture kwandon burodi, ta jawo takardar gidan, shafi huɗu masu kauri, farare tas, wurin sa hannu yana jiranta da ɗan gicciyen fensir. Lisandro ya ɗan miƙe zaune. Ta shimfiɗa shafukan a kan ƙyalle, ta kwantar da kwalbar a kusurwa, ta mirgina. Hannun bai manta ba. Ta lanƙwasa gindi ninki shida daidai wa daida, ta tattara wuya, ta shiga ciki ta ɗauko ragowar jan zaren ado na shago, ta ɗaure, ta ja bakin almakashi a kansa ya nannaɗe. Ko ɗigon salatif ba ta sa ba. A shekara talatin da huɗu ba ta jin ta yi naɗin da ya fi wannan kyau.

Ta miƙa masa da hannu biyu, yadda ya miƙo mata.

"Riƙe. Tana da nauyi, ramin ma da zurfi, duk wanda ka kai wa zai ce mai tsada ce."

Ya karɓa, don bai san yadda zai ƙi ba. Ya zauna da ita a cinya, nama yana sanyi a gabansa. Herminia ta ɗauko ƙatuwar kwalbar lita biyar ta Chebo daga inuwa, ta zuba rabin kofi, ta cika da soda, ta kurkure bakinta da kurɓin farko ta zubar a gindin inabin. Sannan ta ce wa Chebo in ya gama cin abinci kada ya gudu, akwai kwanuka a kwali da za a mayar mazauninsu.